Rakiyar Mai Ƙaho

Waɗanda suke wurin a ranar ba su da yawa, yatsun hannu sun ishe ni lissafa su. Akwai Alhaji Garba mai ganga, shi ne babbansu, kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya. Akwai Dogo, mai dogon ƙahon nan da ake ja ana turawa kamar ana jan guga. Akwai Baba Lasisi, Bayaraben Sabon Gari, mai kaɗa banjo, wani abu mai kama da molo amma muryarsa ta fi ta molo kaifi. Akwai Isiyaku mai gyaran rediyo a Unguwar Gano, mai busa baƙar sarewa, shi ne autansu duk da furfura ta gama cin gemunsa. Akwai ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya biyo daga ofis ko gida bai je ba. Akwai maƙwabciyata Sista Rabi, nas ce a asibitin koyarwa, ta shigo auna mini jini ta tarar da taro, ita ce kuma take sa wannan magana a takarda, don ni ban taɓa zama a aji ba. Sai ni, a bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida. Wanda aka taru dominsa, maigidana, shi kaɗai ne babu. Kwana uku ke nan da fitata daga takabarsa.

Abu biyu ya kawo su. Na farko su yi masa abin da suke kira rakiya, na biyu su ɗauki ƙahonsa da ke rataye a bangon zaure, domin a ƙa'idarsu wanda zai busa ƙaho shi ake ba, kuma ɗana bai ja ba, ya ce a ɗauka. Bayan wannan zauren ma ya gama zama zaure. An yi magana da magini, ranar Asabar za a fasa bangon waje a mayar da shi shago, ni ma na yarda, don gida ba ya ciyar da kansa. Ni kuwa ina zaune da wani abu a ƙirjina wanda ban taɓa nuna wa kowa ba, har mai shi ya koma ga Allah bai sani ba, kuma na riga na yanke cewa da shi za a binne ni.

Lokacin da aka kawo ni Gyaɗi-Gyaɗi, unguwar ba ta da hayaniyar da za ta ɓoye komai. Daga ƙofar gidanmu kana hango gonakin dawa har wajen Tarauni, Hotoro kuwa a wurinmu ƙauye ne, sai an shirya ake zuwa. Da asuba ladan ɗaya ne, ba lasifika, kana jin tarinsa kafin ya ɗaga murya. Da hantsi taɓarya ce ke magana, kowane gida da irin dakansa, ba sai na leƙa ba na san matar da ta tashi da fushi. Kurciya na kuka a kan tsamiyar bayan gida, mai kananzir ya wuce yana kira, jirgin ƙasa ya yi ƙara daga can nesa, shi ke nan an gama. Yau kuwa in na zauna a tsakar gidan nan ko tafiyar ƙafata ba na ji. Janareta a dama, injin markaɗe a hagu, 'yan sahu suna ta danna hon daga titin Gidan Zu kamar an ce musu gari zai tashi, mai maganin basir ya kafa lasifika a bakin layi tun safe. Kowa da kiɗansa a cikin waya, ya toshe kunne da shi, ba mai jin na wani.

Mai gyaran famfo aka gaya wa mahaifina, kuma ba a yi masa ƙarya ba, a ma'aikatar ruwa yake, hannunsa kullum warin ƙarfe. Na gan shi, na so shi, ba wanda ya tura ni. Abin da ba a faɗa ba shi ne abin da yake yi ranar Alhamis bayan la'asar. Alhamis ɗin farko ina tankaɗe a madafi na ji ƙasa ta amsa, na ji ƙaho ya tsaga gidan, na saki rariya na ruga ɗaka, na ɗauka sojoji ne suka shigo unguwa. Da ya shigo da magariba yana share leɓe ya same ni a ƙuryar gado, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zaunar da ni ya ce su tara ne, abokai, kowa da sana'arsa. Wani tsoho da ya yi kiɗan badujala a wurin 'yan sanda tun zamanin Turawa, shi ya bar musu kayan busa da akwati guda na faya-fayan garmaho. Kiɗan da ke ciki na baƙar fatar Amurka ne, jikokin waɗanda aka kwashe a jirgin ruwa, jas ake ce masa. Suna saurare suna kwaikwaya, har suka fara sa masa nasu gishirin. Tun ranar da suka fara, kiɗan nan tsoho ne. Samarin lokacin ma sun wuce shi, suna yi musu ba'a suna ce musu 'Yan Garmaho. Su kuwa suka karɓi sunan suka rubuta a jikin babbar ganga. Alhaji Garba, lokacin bai ma je Makka ba, yakan ce a bar su su yi dariya, da tsohuwar zuma ake magani.

Da farko ban ga aibu ba. Abin ya juye ne ranar sunan ɗan fari. Mata sun cika gida ana ta shewa, sai abokansa suka ce za su yi wa jariri maraba da busa a ƙofar gida. Suna farawa, wata gwaggona, ƙanwar mahaifina, mace mai harshe kamar aska, ta ajiye ƙwaryar fura ta ce, "Af! Ashe maroƙi aka ba wa 'yar malam?" Ta kwance bakin zaninta, ta ciro sisi, ta lasa, ta manna wa jaririna a goshi. "Ungo, ɗan maroƙi, fara karɓa tun yanzu." Ɗaki ya ɗauki dariya. Ina zaune da ɗanyen jiki ina kallo, kuma har yau in na tuna ina jin sanyin sisin nan kamar a goshina aka manna. Da baƙi suka watse na kira maigida na gaya masa magana uku: ƙahonsa ba zai ƙetare labulen zaure ba, ba zai kawo mini zancen kiɗa ɗakina ba, kuma idona ba zai taɓa ganin sa da abin nan a baki ba. Ya ce, "Mu fa ba roƙo muke yi ba. Ba mu taɓa kiran sunan wani mai kuɗi ba, ba ma bin kowa." Na ce mutane ba su san wannan bambancin ba. Ya ce, "To, na ji." Mutumin nan bai karya ko ɗaya ba har ya mutu. Da ma ya karya.

Sai dai kakata takan ce ido ne ke da murfi, kunne a buɗe Allah ya bar shi. Bango ɗaya ne tsakanin zaure da madafina, bangon ƙasa, kuma ko ta yaya aka yi, duk wani aikin zama sai ya faɗo ranar Alhamis: tsintar shinkafa, gyaran wake, ɓarar gyaɗa, tsinkar zogale. In wata ta tambaye ni sai in ce nan inuwa ta fi. Haka na yi shekaru kusan hamsin, tire a cinya, baya a jikin bango. Ban san sunan ko ɗaya daga cikin abin da suke kaɗawa ba, ni na raɗa musu nawa. Akwai mai tafiyar agwagwa. Akwai mai gardama, inda Dogo da maigida suke ta mayar wa juna magana kamar masu cinikin akuya. Akwai wanda in sun fara shi sai in ga wake ya ƙare a tire ban san lokacin ba. Ta bango nake sanin ranar da Baba Lasisi ya yi faɗa da matarsa, don sai ya riƙa gudu yana barin ganga a baya. Ta bango na san ciwo ya kama mai babban ƙahonsu tun kafin iyalinsa su sani. Shekarar da ƙyanda ta ɗauke mana 'yarmu ta biyu, maigida bai zubar da hawaye a gabana ba, ni ma ban zubar a gabansa ba, mun karɓi gaisuwa yadda ya kamata. Da Alhamis ta uku ta zo ya shiga zaure shi kaɗai, sauran ba su iso ba tukuna, ya busa wani abu a hankali. Na kifa kaina a kan gwiwa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita. Da ya shigo na zuba masa ruwan alwala, na ce tuwo ya kusa.

Su kuwa a wurinsu ni dodo ce. In rana ta yi ja, magariba ta matso, sai in ɗauki muciya in buga bango sau biyu, ko suna tsakiyar me, tsit za ka ji. Dogo ne ya sa mini Saja. "Saja ta busa tashi," in ji shi, yana zaton ba na ji. Nakan dama musu kunun tsamiya in tura ƙwaryar ta ƙarƙashin labule, su turo ta a wanke. Iyakar zumuncinmu ke nan. Da can ana neman su, liyafar sallamar ma'aikaci, bikin ɗan wani babban akawu, ranar rabon kyauta a makarantu. Yakan sa farar rigar da na goge masa da dutsen guga na gawayi, ban tambaye shi ina za shi ba, shi ma bai faɗa ba. Sannu a hankali gayyata ta ja baya. Aka fara ɗauko mutum ɗaya da na'ura ya cika fili da ƙara, wasu kuma suka ce kiɗan ma ɗungurungum bai halatta ba. Ba mai kiran su, amma ba su fasa Alhamis ba, ko ana ruwa ko ana rana, azumi kaɗai ke tsayar da su. A unguwar nan na ga mutane sun bar sana'ar gado don ba riba, na ga an bar zumunci don ba riba. Waɗannan tsofaffi kuwa sun rungume abin da ba ya kawo musu ko kuɗin mota, don kawai wani ya damƙa musu shi, kuma ba su ga inda za su ajiye ba. Ban taɓa gaya musu ba, amma ban san wasu masu riƙon amana kamarsu ba.

Sau ɗaya ya taɓa gwada ni, bayan mun tsufa, haƙoransa sun fara zuba. Bai shiga ɗakina ba, a bakin madafi ya tsaya. Ya ce, "Hajiya, na yau bai dame ki ba ko?" Ga ƙofa ya buɗe mini. Na san abin da yake tambaya. A ranar ya yi busar da bai taɓa yin irinta ba. Na ce, "Ni da ke da aikin yi, ina na ga lokacin jin ku?" Ya gyaɗa kai ya wuce. Bai sake tambaya ba.

Rakiyar da na ambata kuwa, ga yadda take. Kowannensu yana da kiɗa ɗaya da ake ce nasa ne, inda a tsakiya sauran masu busa suke yin shiru, a bar shi shi kaɗai ya yi maganarsa, ganga da banjo suna riƙe masa ƙasa. In mutum ya rasu, bayan an gama zaman makoki da addu'o'i, sai su taru su kaɗa nasa ɗin. In an zo wurinsa ba mai shiga. Ganga da banjo su ci gaba, gurbinsa a buɗe, har iyakar tsawon da ya saba yi, sannan kowa ya dawo a rufe tare. Daga ranar ba a ƙara kaɗa shi sai in wanda ya gaji kayan busar ya iya. Na ji rakiya huɗu ta bango. Ta biyar ce ta maigida.

Ranar rakiyar tasa Alhamis ce, sun iso bayan la'asar kamar kullum. Suka yi sallama, suka gaishe ni ta labule, aka yi masa addu'a. Ɗana yana tsaye a bakin ƙofa yana duba layi.

"Baba Alhaji," ya ce, "don Allah a yi a hankali. Kun san mutanen yanzu, kuma gidan rasuwa ne."

"Me ya ce?" in ji Alhaji Garba.

"Ya ce ka buga da ƙarfi," in ji Dogo.

"Kai dai Dogo ba ka shiryuwa," Baba Lasisi ya ce, da Hausarsa da ba ta taɓa miƙewa ba. "Yaro na magana mai hankali. Kai ko numfashin hawa matakala babu, wane ƙarfi?"

Dogo ya ce, "Ni zai gaya wa? Ni na busa masa ranar suna, yana ta tsala ihu. Wallahi a ranar ya fi Isiyaku iya sarewa."

Ɗana bai yi dariya ba. Tun yana makaranta ake tsokanarsa da busar ubansa, kuma ni ce na koya masa jin kunyarta, ba zan ɗora wa kowa ba.

Sista Rabi ta naɗa mini abin awo a damtse tana matsa 'yar robar, su kuma suka fara. Na maigida shi ne mai sanyin nan da ya faro shi kaɗai shekarar da muka yi rashi, daga baya sauran suka sa masa hannu. Dogo ya shiga da kaurin muryarsa, sarewar Isiyaku tana zagaya shi kamar mage a ƙafar mai ita. Alhaji yana riƙe musu ƙasa da ganga. Sai aka zo wurin. Masu busa suka sauke. Ganga tana tafiya, banjo yana tafiya, ba kowa a tsakani. Ni kuwa ina jin sa. Wallahi ina jin sa kamar yana bayan bangon, yadda yakan ɗauko daga ƙasa kamar mai neman izini, ya hau, ya yi 'yar karkarwar nan, ya sauko. Ya kai inda a shekarun nan na ƙarshe, da ƙirji ya fara gaza masa, yakan tsaya ya ja numfashi sau biyu, kafin ya koma ya sake bin hanyar a hankali, ya ƙarasa da wata 'yar jela siririya. Yana cikin jan numfashin, sai kawai Alhaji ya doka ganga, Dogo da Isiyaku suka faɗo a kansa.

"Kun katse shi!"

Ban san na faɗa ba sai da na ji muryata ta dawo mini daga bango. Kiɗa ya watse. Sista Rabi ta saki robar.

"Bai gama ba," na ce. "Numfashi yake ja. Kun bar masa rabi, kun danne rabi."

 Alhaji Garba ya ce, "Wa ya yi magana?"

"Saja ce," in ji Dogo a hankali, ba wasa a muryarsa.

Isiyaku ne ya fara gane abin da ya faru. "Gwiwar hannunsa," ya ce. "Alhaji, ai mu ba mu taɓa ƙirga masa ba. Gwiwar hannunsa muke kallo, in ya sauke ta sai mu shigo." Baba Lasisi ya ce haka ne, shekara da shekaru haka suke yi, in ya ga dama ya tsawaita, in ya ga dama ya gajarta, su dai idonsu na kan hannun. Yau ba hannu, sai suka shigo da ka. Su da suke zama da shi gwiwa da gwiwa da ido suka san shi, kowa kunnensa na kan abin da ke hannunsa. Ni da na haramta wa kaina ganinsa, kunne kaɗai ya rage mini, shi ya sa ban zubar da ko ƙwaya ɗaya ba.

"Hajiya," in ji Alhaji Garba, ya matso da kunnensa mai ji kusa da labule, "to daga ina muka yanke shi?"

Na yi niyyar in ce ban sani ba. Abin da ya fito daban. Da leɓena a rufe na bi masa shi, da muryar tsohuwa mai rawa, tun daga numfashin har 'yar jelar. Ban taɓa yi a gaban mutum ba, ko a gaban kaza. Da na kai ƙarshe na ji wani yana jan hanci a zaure, ina jin Dogo ne.

"Mu sake," in ji Alhaji. "Hajiya, ke ce hannunsa. In ya gama ki gaya mana."

Suka ɗauko daga farko. Da aka zo wurin suka bar masa fili. Na bar shi ya hau, ya sauko, ya huta, ya koma, ya ja jelarsa har ta ƙare don kanta. Sannan na ce, "Yanzu." Suka shigo tare, suka rufe.

Isiyaku ya sauko da ƙahon daga bango. Ya zo ya durƙusa a bakin labule, ina ganin gwiwoyinsa ta ƙasa.

"Inna," ya ce, "ni aka ce in riƙe. Yatsu na iya, ya koya mini. Amma abin da yake faɗa da shi, ba ni da shi. Kaset-kaset ɗin da muka ɗauka damina ta cinye, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya a shago, zaren duk ya manne. In na tuno kai sai wutsiya ta ɓace. Nawa kika riƙe?"

Duka na riƙe. Har waɗanda shi kansa ya daina yi tun gashinsa na baƙi. Amma na ɗaga ido na ga ɗana ya leƙo ta gefen labule yana kallona kamar bai taɓa ganina ba, na ga Sista Rabi da hannu a baki, sai muryar gwaggona, wadda ƙasa ta daɗe da cinyewa, ta dawo mini tar.

"Isiyaku," na ce, "ka san da wa kake magana? Da tsufana, da jikokina, fitata takaba ke nan, sai in zama malamar makaɗa? Abin da ya faru ya faru, suɓutar baki ce. Ku ɗauki kayanku, magariba ta yi."

"Allah ya ba ki haƙuri, Inna."

 Na ji suna naɗe kaya, Alhaji yana nishi da ganga, ɗan sahu ya tsaya a ƙofa. Baba Lasisi ne na ƙarshe, ya ce ta labule, "Mama, mun gode da kunu. Duk na shekaru." Suka tafi. Sista Rabi ta sake awon, ta kalli abin, ta kalle ni, ta ce in rage tunani, ita ma ta tafi.

Bayan sallar magariba ɗana ya shigo ya zauna a bakin tabarmata, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce, "Inna, da ma kina ji?" Na ce, "Ina ji." Ya ce, "Baba ya sani?" Na ce, "Tashi ka tafi gida, iyalinka na jira." Ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya juyo ya ce, "Ni ban taɓa tsayawa na saurare shi ba sai yau. Yau ɗin ma ba ya ciki."

Da ya fita na ɗauki tsintsiya na shiga zauren, don kada magini ya zo ya tarar da datti. Ga benci, ga sawun ganga a daɓe, ga ƙusa a bango da shacin ƙaho inda farar ƙasa ba ta dushe ba. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Alhaji kunne ya tafi. Dogo numfashi ya tafi. Lasisi 'ya'yansa suna ta maganar mayar da shi garinsu. Ni ma na ga fuskar Sista lokacin da ta kalli awon. Abin da mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana faɗa, wanda ban bar shi ya faɗa a ɗakina ba, bai rage a ko'ina a duniya ba sai a cikin kan wata tsohuwa mai taurin kai. Na hana shi sanin ina ji, wannan ya wuce, ba gyara sai dai Allah ya yafe mini. Amma in na tafi da shi kabari, to ni ma na katse shi, katsewar da ta fi ta Alhaji, don ita ba mai cewa a sake.

Washegari, Juma'a, da na idar da lazimi na sha koko, na yafa mayafina mai kauri na fita. Na tsayar da ɗan sahu a bakin titi na ce Unguwar Gano. Ban san shagon ba, sai da na tambaya sau biyu. Na same shi yana buɗewa, 'yar rumfa ce cike da matattun rediyoyi, a gefen mai shayi, mutane na ta wucewa. Da ya gan ni makulli ya faɗi daga hannunsa.

"Inna! Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Ba ni benci."

Ya goge benci da hannun rigarsa, na zauna. Ƙahon yana kan tebur, an naɗe shi da tawul.

"Ɗauko shi."

"Nan? A bakin titi? Inna, mutane fa..."

"Na gan su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na jiya za mu fara."

Na bi masa farkon da murya. Mai shayi ya tsaya da buta a hannu yana kallonmu, na kalle shi, ya koma ga shayinsa. Isiyaku ya ɗora ƙahon a baki ya busa, ya hau da sauri kamar mai tsallake kwata.

"Ba haka ba," na ce. "Wa yake korar ka? Suna da yawa, ni kuma ba a gaya mini kwana nawa ya rage mini ba, ga shi kafin azahar za ka rufe ka tafi masallaci. Goge bakinka. Sake."